Monroe ko Nkrumah: wanne za ka ɗauka?

Ƙanena, tunda aikin kammala digiri ne kan shugaban da ya ja daga da 'yan mulkin mallaka, tsakanin James Monroe, tsohon shugaban Amurka, da Kwame Nkrumah, shugaban Ghana na farko, ɗauki Nkrumah kawai.

Littafinsa na 1965 kan sabon salon mulkin mallaka yana ɗakina, bangon duk ya sha salatif. Kawuna da ya yi fataucin goro a Zangon Kumasi ne ya ba ni. Ko Turanci ba ya ji, amma a adaka ya adana shi tare da takardun gida, yana cewa mutumin nan ba a baki ya tsaya ba. Kuma haka ne. Ranar 6 ga Maris 1957 ya ce 'yancin Ghana ba shi da ma'ana muddin ba a 'yantar da sauran Afirka ba. A 1958 Gini ta ce wa jagoran Faransa De Gaulle a'a kan tayinsa na ci gaba da zama ƙarƙashin inuwar Faransa, Faransawa suka kwashe ma'aikatansu da tallafinsu cikin fushi, Nkrumah kuwa ya ba gwamnatin shugaban Gini Sekou Toure rancen fam miliyan 10. A Disambar shekarar ya tara 'yan gwagwarmaya a Accra, har da Patrice Lumumba na Kongo. Da Faransa ta gwada bam ɗin nukiliya a Reggane cikin Sahara a 1960, ya riƙe kadarorinta da ke Ghana. Wannan kaɗai babi guda ne, kuma ya shafe mu, don gwaje-gwajen ne suka sa Najeriya ta kori jakadan Faransa a 1961. Sai dai ka shirya, malaminka zai tambaye ka dokar tsare mutane ba shari'a da gwamnatin Nkrumah ta kafa a 1958.

Monroe kuwa na sayi littafi a kansa, har yau kuɗin na yi mini ciwo. I, a Disambar 1823 ya gargaɗi Turai ta daina kafa sabon mulkin mallaka a nahiyar Amurka, amma Ingila ta kama tsibiran Falkland da ke kusa da Ajantina a 1833 ba abin da aka yi, kuma a 1904 shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya mai da wannan gargaɗin hujjar yi wa maƙwabta katsalandan.

Ka yi hattara da masu baza littattafai a bakin makaranta. Da yawa jabu ne, bango mai ƙyalli, ciki shafuka sun ɓace ko an maimaita su. Cire ledar a gaban mai sayarwa, ka bi lambobin shafi kafin ka biya. In ya hana ka buɗewa, bar masa kayansa.