LAMP ko ƙaramar na'urar PCR? Amsa ga Hajiyarmu ta Marwa

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin tambaya wanne za ki sa wa labonku don gwajin korona, LAMP ko ƙaramar na'urar PCR, wato hanyoyi biyu na gano ƙwayar cutar ta hanyar ninka ƙwayoyin halittarta a cikin kwalba. Duka biyun sun ratsa ta hannuna a nan Garwa, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba: ki ɗauki LAMP.

Abin da ya sa na ƙaunace shi, ba ya son komai sai zafi tsayayye, digiri 65, na minti 30. Ba hawa da saukar zafi irin na PCR. Ina tuna wata rana a Afirilun 2021, zafin nan namu da ke haura digiri 40, an ɗauke wuta tun hantsi, gurup, wato janareto, kuma ba mai. Aka kawo wani dattijo daga wajen Pitowa yana ta tari, numfashi sama-sama. Na jona ɗan murhun dumama kwalaben a batirin sola, na jera su, na zauna ina fifita da kwali. Minti talatin na cika na ɗaga kwalbarsa a bakin taga, ruwan da ke ciki mai launin hoda ya koma rawaya shar, alamar akwai cutar. Ɗansa da ke tsaye bakin ƙofa ma sai da ya ga bambancin da idonsa. Kafin la'asar an keɓe tsohon.

PCR kuwa, to, ya fi shi kaifin gani, wannan ba gardama. Amma tawa da na saya ta hannu tana can kan kabad an lulluɓe ta da zani. Wuta ta ɗauke sau ɗaya ana tsakiyar aiki, aikin ya tashi a banza, mai gyara kuma sai daga Duwala.

Shi ma LAMP ɗin yana da halinsa. In ƙwayar cutar ta yi kaɗan a jikin mutum, irin samfurin da Ct ɗinsa, wato yawan zagayen da PCR ke yi kafin ya gano ta, ya wuce 30, yakan tsallake ta. Kada ki kuskura ki buɗe kwalba bayan an dumama, in ba haka ba ɗakin zai gurɓace, gwajin kowa ya riƙa nuna cuta ko da ba shi da ita. Sannan ki duba launi tun kafin ki dumama, don sauyin launin nan na tsami ne, yawu mai tsami kan mai da shi rawaya tun ba a fara ba. In kin samu busasshen haɗin sinadaran gwajin ki fifita shi, na ruwa sai firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili.

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa. Akwai masu yawo da jaka suna tallar “PCR na gaggawa”, in kin buɗe sai ki tarar tsinken gwajin antijan ne, gwajin nan-take da bai kai PCR kaifin gani ba, aka sauya wa kwali. Wasu kuma kayan sun kwana biyu a bayan motar haya ba ƙanƙara, ko an manna sabuwar ranar ƙarewar aiki a kan tsohuwa. Ki sa farce ki kankare takardar a gabansa. Kada ki biya ko sefa ɗaya sai ya ba ki 'yan kwalabe kin gwada da samfuran da aka riga aka tabbatar da PCR, masu cutar da marasa ita, irin na reshen cibiyar gwaje-gwajen lafiya ta Centre Pasteur da ke nan Garwa. In ya fara cewa sauri yake yi, ki raka shi bakin ƙofa.