Maganin toshewar hanci a saidaliyyar Makka, wanda nake saya da wanda na daina ba tsofaffinmu

Duk shekara in Umrar azumi ta zo ko Hajji, gidanmu a nan Makka ba ya rabuwa da baƙi daga gida, kuma da wuya mutum ya yi kwana uku mura ba ta kama shi ba. Ka fito daga rana jiki sharkaf da gumi ka shiga Harami mukayyif, wato na'urar sanyaya wuri, na busawa, ka sha Zamzam mai sanyi, ga cunkoso kowa na tari a gefenka, ka koma masauki nan ma sanyin ne, to ina hanci zai kai labari. Ni ake aika saidaliyya, wato kantin magani, Nahdi ko Al-Dawaa duk wadda ta fi kusa, tun ina karɓar duk abin da aka miƙo min har na koyi juya kwali in karanta abin da ke ciki, don sunan da ke gaba ba shi ne maganin ba.

Wanda ya fi saurin aiki dai feshin hanci ne, irin su Otrivin, sinadarinsa xylometazoline. Gaskiya yana yi. Minti kaɗan ka ji hanci ya buɗe wayam, kuma yana riƙe ka awanni da yawa, mutum ya samu ya yi barci ba baki a buɗe ba. Abin da ke toshe hancin ai ba majina kaɗai ba ce, jijiyoyin jinin ciki ne ke kumbura, shi kuma feshin sai ya tsuke su. Na manya 0.1% ne, na yara 0.05%, kar a haɗa. Amma dan Allah kar a wuce kwanakin da aka rubuta a takardar, iyakarsa mako ɗaya, ni kwana uku nake cewa baƙina su ajiye. In aka zarce hancin sabawa yake, da maganin ya sake shi sai ya toshe fiye da da, sai ka ƙara fesawa, haka haka har ka kasa rabuwa da kwalbar. Wata yayarmu haka ta koma gida da wani feshi a jaka, wata biyu tana kai tana cewa murar Saudiyya ce ta ƙi sakinta, ashe murar ta daɗe da tafiya, sai da likita ya raba ta da shi a hankali. Na tausaya mata sosai don makon farko ko barci ba ta iya yi.

Sai na haɗiya, kuma nan ne hankalina ya fi tashi. Clarinase yana da loratadine na atishawa da ƙaiƙayin hanci, da pseudoephedrine mai buɗe hancin. Panadol Cold + Flu na koren kwali shi ma akwai pseudoephedrine, da paracetamol, da chlorpheniramine mai sa barci, shi ya sa ya fi dacewa da dare. Suna aiki, ban musa ba, musamman in goshi da kumatu sun yi nauyi kamar an ɗora dutse. Matsalar ita ce ƙwaya ba ta san hanci kaɗai ba, duk jijiyoyin jiki take tsukewa, jini ya hau, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, wani ya kwana ido biyu. To ku dubi su waye alhazanmu, yawanci iyayenmu ne da kakanni, da yawa na shan maganin hawan jini ko na zuciya, wasu dattawan fitsari ma da kyar yake fita kuma wannan ƙara riƙe shi yake. Ni yanzu kafin in miƙa wa kowa sai na tambaya, Baba kana da hawan jini? Inna ana duba miki ƙoda ko ciwon ido na hawan ruwa? In an ce e, ko mace na da juna biyu, ba na bayarwa, sai mu je wajen mai saidaliyyar a faɗa masa komai, in Larabci ya gagara ni nake tafinta.

Panadol Cold + Flu na rawayan kwalin, na rana, phenylephrine ne da caffeine da paracetamol. Yana sauke ciwon kai da zazzaɓi, amma a buɗe hanci ban sa rai sosai, a 2023 kwamitin masana na hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ya ce phenylephrine na haɗiya ba ya buɗe hanci. Kuma a kula, kar a sha waɗannan a ƙara da Panadol na ciwon kai a kai, paracetamol ne biyu, babba bai wuce giram 4 a yini, hanta ke jin jiki.

Abin da ba ya yankewa a ɗakina shi ne feshin ruwan gishiri, irin Sterimar. Ba shi da saurin Otrivin ko kusa, wanke hanci yake ya sassauta majina da ƙura, amma tsoho da yaro da mai ciki duk za su iya, kuma ba a sabo da shi. In haɗa da sirace da shayin citta da kanumfari da zuma. Vicks kuma a ƙirji da wuya, ba cikin hanci ba, sanyin kawai yake sa ka ji kamar iska na wucewa. Yara ƙasa da shekara 6 ban ba su ƙwayar mura ko ɗaya sai likita ya ce. In kuma zazzaɓi ya yi zafi, ko numfashi na sarƙewa, ko an haura kwana goma ba sauƙi, ba na sake komawa saidaliyya, mota nake nema mu wuce mustashfa, wato asibiti.