Kwalejin shekara biyu ko jami'a: ina za ki fara koyon aikin jarida a Amurka?

Ƙanwata, kin tambaya ko ki fara karatun aikin jarida a kwalejin al'umma ta shekara biyu, ko ki wuce jami'a kai tsaye. Ni dai kwalejin zan ce ki fara da ita, amma da sharaɗi.

Wajen kuɗi, tazarar ba kaɗan ba ce. A kwalejojin al'umma na jihar Kalifoniya mazaunin jiha yana biyan dala 46 kan kowane kiredit (ma'aunin yawan darasin da aka ɗauka), kuma kiredit 60 ake nema a kammala, wato dala 2,760 ke nan. Digirin jami'a kiredit 120 ne a shekara huɗu, kuma kuɗin shekara guda ma ya zarce wancan nesa ba kusa ba. Sai dai in da bizar ɗalibai kika zo, wannan rangwamen na dala 46 ba naki ba ne.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne jaridar ɗalibai. A kwaleji ajin ƙarami ne, hannu bai yi yawa ba, don haka tun shekarar farko za a iya tura ki ɗauko labari, malami ya zauna da ke ya gyara jimla bayan jimla. Edita mai ɗaukar ma'aikaci kuwa labaran da kika buga zai fara cewa ki kawo.

Amma gaskiya ɗaya ce, jami'a ta fi kayan aiki da hanya. Makarantar aikin jarida ta Jami'ar Misuri, wadda aka kafa a 1908, ɗalibanta suna aiki a jaridar Columbia Missourian da tashar talabijin ta KOMU, waɗanda mutanen gari ke karantawa da kallo. Da wuya kwaleji ta ba ki irin wannan. Yawancin kafofin labarai kuma cikakken digiri suke nema.

Sharaɗin shi ne ki shiga da niyyar wucewa jami'a bayan shekara biyun. Ba kowane kwas jami'a ke karɓa ba, kuma abin takaici ne a wahala a kan darasi sannan a ce bai shiga lissafi ba. Kalifoniya tana da shaidar kammalawa ta musamman da ke tabbatar da gurbi a jami'o'in CSU (rukunin Jami'ar Jihar Kalifoniya mai rassa da yawa), ko da ba reshen da kike so ba ne. Tun zangon farko ki je wurin mai ba ɗalibai shawara, ki faɗa masa jami'ar da kike hari, ku tsara kwasa-kwasan tare.