Douse da drench: inda suka haɗu da inda suka rabu

Ɗan'uwa, ka ce ka ga jarida ta yi amfani da kalmar Ingilishi douse a labarin 'yan kwana-kwana da suka kashe gobara, sai kuma ka gan ta a labarin motar da aka kwara wa fetur, kana tambaya ko ɗaya take da drench. Ba ɗaya suke ba, ko da yake duka biyun suna kai ga jiƙewa.

Douse hannun mai aikin take kallo: a ɗaga bokiti a kwara farat ɗaya. Ba ta damu da abin da ke cikin bokitin ba, shi ya sa ta dace da labaran biyu. Drench kuwa wanda ya jiƙe take kallo, mutum ya yi sharkaf, rigarsa ta manne a jiki tana ɗiga, kamar wanda ruwan Agusta ya ritsa da shi a kan babur. Ba a kashe wuta da drench.

Asalinsu ma ya sha bamban. Drench ta fito daga tsohon Ingilishi, drencan, wato shayarwa, 'yar'uwar drink ce. Har gobe likitocin dabbobi na riƙe da wannan ma'anar: in za a ɗura wa tunkiya maganin tsutsar ciki ta baki, drench suke cewa. Douse ta fi ƙuruciya. A ƙarni na 16 aka fara ganinta da ma'anar duka ko naushi. A ƙarni na 17 ma'aikatan jiragen ruwa suka riƙa faɗinta in za a sauke ƙyallen da iska ke tura jirgi da shi cikin gaggawa. Ma'anar kashe fitila ta bayyana a ƙarni na 18, kuma babu ko ɗigon ruwa a cikinta. A ganina nan ne bakin zaren: gaggawa da ƙarfi ne suka ɗinke ma'anonin douse.

Don haka in jaridun Najeriya suka rubuta douse tension, kwantar da ƙurar rikici suke nufi, drench ba za ta zauna a gurbin ba.

Ka kuma kula da dowse, wadda ake furtawa da "z". Ita neman ruwan ƙarƙashin ƙasa ce da sanda mai reshe biyu, al'adar da ta daɗe a Turai. Douse tamu "daus" ake cewa.