Kayan gyaran bindigar farauta: wanne za a saya, wanne za a bari a kanti

A Amurka, gyaran bindigar farauta a gareji sha'awa ce irin ta masu tayar da tsofaffin motoci. Kamfanoni irin su Brownells, wanda aka kafa a jihar Iowa a 1939, da MidwayUSA na jihar Missouri, da kayan wannan sha'awa suka yi suna. Aikin da akasarin masu sha'awar ke yi bai wuce kwancewa, wankewa, sauya sifirin, gyaran ƙota da ɗora madubin saiti ba. A Najeriya abin ya sha bamban: dokar bindigogi ta 1959 ta hana ƙerawa ko gyaran bindiga ba tare da izinin hukuma ba. Sai dai ilimin kayan aikin ɗaya ne da na mai gyaran keken ɗinki, agogo ko famfon inji, don haka mai sana'ar ƙananan ƙarafa ma zai tsinci abin ɗauka.

Sabon shiga yakan fara da tambayar wane inji zai saya. Inji kuwa shi ne na ƙarshe a layi. Ɓarnar da aka fi gani daga kayan hannu take fitowa.

Sukudireba da ma'aunin ɗauri

Sukudireban gida bakinsa tsuke yake kamar bakin gatari, yana taɓa saman tsagar sukuru kawai. Da an matsa, sai ya hau sama ya zame, ya tauye tsagar, ya ja layi a jikin ƙarfen da aka rina baƙi. Na masu gyaran bindiga an wasa bakinsa ta yadda gefunan biyu suka tafi a miƙe, ya cika tsagar tun daga sama har ƙasa. Zaɓi biyu ne: masu bakin dindindin, ko mariƙi ɗaya da tarin bakuna na sauyawa, irin Magna-Tip na Brownells ko na Wheeler. Na sauyawa ya fi wa mai farawa, domin tsagar sukurun bindiga ba ta da ma'auni ɗaya, kuma dole bakin ya dace da faɗi da kaurin tsagar gaba ɗaya. In bakin ya karye a kan sukurun da ya cije, an yi arha: ana sauya shi da kuɗi kaɗan, alhali sukurun tsohuwar bindiga mai yiwuwa ba a ƙera irinsa yanzu.

Bayansa sai ma'aunin ƙarfin ɗauri. Sukurun zoben madubi yawanci inci-fam (ma'aunin ƙarfin murɗawa) 15 zuwa 18 masu ƙera su ke cewa, wato wajen niyutan-mita 2. Hannu ba ya iya kintatar wannan, wucewa yake yi, sai zoben ya matse bututun madubin har saitinsa ya daina tafiya daidai. Ma'aunin ɗauri na Wheeler FAT, mai daidaituwa daga inci-fam 10 zuwa 65, ya wadatar da aikin teburi. Fix It Sticks kuwa ƙananan kawuna ne, kowanne da adadinsa, sun fi dacewa da jakar dawa. A kula da rubutun da ke jikin takarda: ƙafa-fam ɗaya inci-fam 12 ne, wanda ya rikita su ya ɗauko ma'aunin ɗauri na mota zai tsinke kan sukurun nan take. Game da gam na sukuru, Loctite shuɗi mai lamba 242 ko 243 yana kwantuwa da hannu. Ja mai lamba 271 sai an gasa shi zuwa kusan digiri 250 a ma'aunin Salshiyos, ba shi da gurbi a wannan aiki.

Ƙarfen tura fil, wato 'yar ƙusar da ke riƙe sassa, a sayi kala biyu: na tagulla don abin da ido ke gani, kamar saitin ƙarfe da ake bugawa gefe, da na ƙarfe don fil ɗin da ya cije. Fil mai rami a ciki yana da nasa, mai ɗan tsini a baki da ke zama cikin ramin. In aka buga shi da na gama-gari, bakinsa zai buɗe kamar fure ya ƙi fita. A haɗa da ƙaramar guduma mai kan tagulla da na roba, da bais mai laushin muƙamuƙi.

Bakin diril da abin yanka tiredi

Nan ne kuɗi da haƙuri suke ƙarewa. Ɗora gindin madubi a tsohuwar bindigar da ba a huda ta daga masana'anta ba yana buƙatar ƙananan ramuka masu tiredi, wato zanen da sukuru ke bi, galibi 6-48 ko 8-40, lamba ta biyu tana nufin yawan zagayen tiredi a inci ɗaya. Ba za a same su a kantin kayan gini ba. Can 6-32 da 8-32 ake sayarwa, kuma tura irin waɗannan a ramin waɗancan yana cinye tiredin gaba ɗaya. Na 6-48 bakin diril mai lamba 31 yake so, inci 0.120. Na 8-40 kuwa lamba 28.

Bakin diril kala uku ne. Na HSS, wato ƙarfen yanka mai jure gudu, ya isa ga ƙarfe mai matsakaicin tauri. Mai sinadarin kobal, M35 mai kashi 5 cikin ɗari ko M42 mai kashi 8, ya fi jure zafi, shi ya dace da ƙarfe mara tsatsa. Na tangistan kabayid yana cin ƙarfen da aka ƙona ya yi tauri, amma gautsi gare shi kamar tangaran: ɗan lilo a inji, ya tsinke cikin ramin. Tsofaffin bindigogin soja irin Mauser fatarsu kawai aka taurara, cikinsu da laushi, shi ya sa HSS ke zamewa a kansu yana ƙara ba ya ci. A nemi mai baki digiri 135 tsagagge, ya fi mai 118 tsayawa inda aka ɗora shi, amma duk da haka a fara da gajeren bakin sa alama. Gudu wajen zagaye 1,000 zuwa 1,500 a minti ya isa ga rami mai wannan girma, tare da man yanka. Kuskuren da ake yi da ƙarfe mara tsatsa shi ne tsoro: a bar bakin yana goga ba ya ci, wurin ya yi zafi ya taurare, sabon baki ma ya gagara shiga.

Abin yanka tiredi shi ma uku ne bisa tsawon tsininsa: mai dogon tsini na farawa, matsakaici, da mai dungun baki da ke kai tiredi har gindin ramin da bai ɓulle ba. Ramin da bai ɓulle ba yana buƙatar aƙalla biyu daga ciki. Sai zaɓin ƙarfensa, inda ƙwararru da yawa ke saɓa wa abin da sabon shiga ke zato. Na HSS ya fi daɗewa, amma in ya karye a cikin rami cire shi tashin hankali ne, wani lokaci sai da injin ƙona ƙarfe da tartsatsin lantarki. Na ƙarfen kabon ya fi saurin dakushewa, amma guntunsa yana farfashewa in an dake shi da siririn ƙarfe, a tsince shi. Ga mai huda rami huɗu a shekara, na kabon ya fi, a kuma jefar da shi da ya fara nauyi a hannu. Ana juyawa rabin zagaye, a dawo kwata don ɓarɓashi ya karye, a riƙa fito da shi ana share ramin. Abu uku ke karya shi: shiga a karkace, ɓarɓashin da ya cushe, da ci gaba da juyawa bayan ya taɓa gindi. Maganin na farko shi ne a yanka tiredin kafin a motsa aikin daga ƙarƙashin injin, da sandar jagora a bakin injin tana riƙe da mariƙin a tsaye, hannu ne kawai ke juyawa.

Duk ramin da zai faɗo saman ɗakin harsashi a bar wa ƙwararre. Kaurin ƙarfen wurin shi ke riƙe matsin fashewar albarushi.

Injin huda ko injin milin

Injin huda na tsaye don tura baki ƙasa aka yi shi. Kansa a cuse yake kan sanda mai tsukewa, babu abin da ya ja shi daga sama, don haka in aka sa masa bakin sassaƙa aka tura aiki ta gefe, kan na iya saɓulowa yana juyawa. Teburin zamiya da ake saya a ɗora masa ba ya sauya wannan. Ƙaramin injin milin, wato na sassaƙa ƙarfe, yana da sandar da ke ɗaure baki daga sama, da teburi mai awo, shi ke jera ramuka a layi ɗaya. Wanda ba zai saye shi ba, ya haɗa injin huda da ƙwaƙƙwaran jig na huda ramukan madubi, wato mariƙin da ke saita bakin diril, irin na Forster. In bindiga ɗaya ce tak, ladan ƙwararre bai kai kuɗin ko ɗaya daga ciki ba. A lissafa kuma cewa bais, maɗauran baki da agogon awo sukan ci kuɗi kusan na ƙaramin injin kansa.

Ɗan injin gurza na hannu irin Dremel yana da amfani a katako da goge tsatsa, amma a kan sassan kunama ɓarna ce zalla. Yana zagaye kusurwar da ya kamata ta tsaya a kaife, yana cinye siririyar fatar da aka taurara, ƙarshenta bindiga ta tashi don an jijjiga ta. Magagari mai gefe ɗaya sumul da dutsen washi na Arkansas ko India sun fi shi, su ma a nesanta su da maƙalar kunama. Mai son kunama mai laushi ya sayi haɗaɗɗiya daga masana'anta irin Timney.

A awo, kalifa (ma'aunin tsawo mai baki biyu) mai lambobi tana da kuskuren kusan inci 0.001, ta isa ga tsawon sukuru da zurfin rami. Kaurin fil da duk abin da zai shiga a matse aikin maikuromita ne, ma'aunin kauri mai karanta inci 0.0001. Kalifa mai arha takan yi ƙarya in batirinta ya yi sanyi, don haka a rufe bakinta a tabbatar tana nuna sifili kafin kowane awo, a kuma auna sukurun gindin madubi tun kafin a ɗaura: in ya zarce da ko zagaye biyu, zai leƙo ciki ya tokare sakatar bindigar.