Komoot da zagayen bakin kogi: abin da manhajar ke gani da abin da ba ta gani

Komoot manhajar tsara hanya ce da aka kafa a Jamus a 2010, kuma taswirarta ta dogara ne da bayanan OpenStreetMap, wato taswirar da jama'a ke zanawa da gyarawa da kansu. Ga mai keken tsere da ke son zagaye matsakaici, misali kilomita 40 da ya bi ta lambunan shaƙatawa na bakin kogi ya dawo ta hanyoyin keke na cikin gari, babban amfaninta shi ne tana faɗa maka abin da tayarka za ta taka tun kafin ka bar gida.

Tsara hanyar ba wuya. Ka zaɓi nau'in hawan keken kwalta, ka sa wurin tashi, ka nuna cewa nan za ka dawo, sannan ka dasa tashoshi uku ko huɗu a gefen kogin. Idan ba ka dasa su ba, manhajar za ta iya fitar da kai kan babban titi, domin a lissafinta can ne kwalta ta fi santsi. Daga nan sai ka duba jerin shimfiɗar hanya: kilomita nawa ne kwalta, nawa ne daɓen duwatsu, nawa ne tsakuwa. Kilomita biyu na tsakuwa mai laushi ba komai ba ne ga taya mai faɗin milimita 30 ko 32, amma ga ta milimita 25 da aka cika da iska tam, faci ne ke jira. Idan ka ga guntun da bai yi maka ba, ka ja layin zuwa wata hanya, lissafin zai sauya nan take.

Alamar "matsakaici" da take liƙa wa hanya kuwa, a karɓe ta da hattara. Ta fi duba nisa da hawa da yanayin ƙasa. Bakin kogi shimfiɗaɗɗe ne, da wuya hawan ya taka kara ya karya, wahalarsa a tsaye-tsaye take. Danja, mahaɗar titi, turakun ƙarfe a bakin lambu, masu tafiya a ƙasa, yara, karnuka masu doguwar igiya. Kilomita 40 a gudun kilomita 24 cikin awa ɗaya, awa ɗaya da minti 40 ke nan. Idan cunkoso ya mayar da kai gudun 17, ka tashi da kusan awa biyu da minti 20. Ka ƙara wannan bambancin a kan lokacin da manhajar ta ƙiyasta, musamman ranakun hutu da yamma. Iska ma abin lura ce, domin kwarin kogi yana tattara ta: ka fara da gefen da za ka tunkare ta, ka dawo tana tura ka.

Akwai abubuwan da taswira ba ta gani. Hanyar da ta bi ta ƙarƙashin gada ita ce ta fara nutsewa idan kogi ya kawo, kuma ko ruwan ya janye yakan bar laka mai santsi kamar sabulu. Gadar katako idan ta jiƙe, birkin gaba da ƙarfi a kanta faɗuwa ce. Saiwar bishiya tana ɗaga kwalta a cikin lambu, amma a manhajar "kwalta" kawai za ka gani. Wasu lambunan kuma ana rufe ƙofarsu da dare. Hotuna da bayanan da mahaya ke sawa a wuraren da suka yaba suna taimakawa, sai dai ka duba ko ba su tsufa ba.

Jagorar murya tana aiki da kyau a fili. Inda take rikicewa shi ne tsakanin dogayen gine-gine da ƙarƙashin gada, inda siginar tauraron ɗan'adam ke karkacewa har ta ɗauka kana kan titin sama alhali kana ƙasa. Idan ta ce ka kauce, ka ba ta mita ɗari kafin ka juya. Allon waya a kunne yana shan batir, don haka ka sauke taswirar yankin ka kashe allon ka bi murya, ko ka tura hanyar zuwa na'urar nuna hanya da ake liƙawa a keke, irin ta Garmin ko Wahoo. Wasu ayyukan manhajar sai an biya, shi ya sa ya kamata ka duba abin da asusunka ya ƙunsa tun da wuri.

Kayan tafiya ba su da yawa: tub ɗaya na ajiya, ƙarfen ɓare taya biyu, ƙaramin famfo, ƙararrawa, hular kwano da gorar ruwa. Mahayi mai nauyin kilo 70 zuwa 75 a kan taya milimita 30 zai ji daɗin iska tsakanin 4 da 4.5 a ma'aunin ƙarfin iska na "bar", ta gaba ta ɗan gaza ta baya.