MySQL ko PostgreSQL, wanne zan haɗa da Django?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya cewa yana gina manhajar rajistar ɗalibai da Django, tsarin gina manhajar yanar gizo na Python, a laftof ɗinsa SQLite yake aiki da shi, yanzu zai ɗora a saba yana ruwan ido tsakanin MySQL da PostgreSQL, wai tunda ORM, ɓangaren Django mai magana da rumbun bayanai, shi ke rubuta SQL ɗin ai duk ɗaya ne. Malam wallahi ba ɗaya ba ne. Eh, Django yana tafiya da rumbunan bayanai guda biyar a hukumance, PostgreSQL, MySQL, MariaDB, Oracle da SQLite, kuma su filter da save za su yi maka aiki a ko'ina, amma ORM tafinta ne kawai, abin da rumbun bayanan bai iya ba ba zai koya masa ba.

Inda abin ya fi damuna shi ne migrate, umarnin Django mai shigar da sauyin tebur cikin rumbun. A PostgreSQL idan kana sauya tsarin tebur sai abu ya fashe a tsakiya, komai zai koma yadda yake kamar ba ka taɓa ba, ka gyara kod ka sake gwadawa shikenan. MySQL ba ya haka, duk sauyin da ya yi wa tebur ya zauna nan take, to sai ka tarar rabin aikin ya shiga rabi bai shiga ba, shi kuma Django bai rubuta cewa an gama ba, in ka sake migrate ya ce maka wannan gurbin ai akwai shi, dole ka shiga da hannu kana warwarewa ɗaya bayan ɗaya alhali bayanan yaran mutane na ciki kuma makaranta na jiranka.

Na biyu, a ce kana so kowane ɗalibi rajista ɗaya tak mai aiki zai samu, tsofaffin da aka soke ba a lissafa su. UniqueConstraint mai condition zai yi maka wannan a PostgreSQL. A MySQL da MariaDB gargaɗi kawai Django zai nuna ya wuce, ba za a kafa dokar a rumbun ba sam, kuma mutane da yawa ba sa karanta gargaɗin nan. Haka bulk_create, in ka zuba sunaye daga Excel gaba ɗaya PostgreSQL zai dawo maka da lambar id ta kowa, MariaDB ma daga 10.5 yana yi, MySQL kuwa a'a. distinct a kan gurbi guda (cire maimaici) da ArrayField (gurbi mai ɗaukar jerin abubuwa) su kam na PostgreSQL ne kaɗai.

Toh amma kar a zalunci MySQL. Yawancin hostin mai araha da muke saya a Najeriya, irin mai cPanel, MySQL ko MariaDB za ka tarar a ciki da phpMyAdmin, kuma samun wanda ya iya shi in ka maƙale ba wuya. JSONField da a da sai PostgreSQL, tun Django 3.1 a 2020 yana aiki a duka. Abu biyu dai ka kula, ka tabbata tsarin haruffan rumbun utf8mb4 ne ba tsohon utf8 ba in ba haka ba emoji ɗaya zai jawo maka kuskure, sannan MySQL a tsarinsa na asali baya bambanta babban baƙi da ƙarami, Admin da admin duk ɗaya ne a wurinsa, PostgreSQL kuma biyu yake ganinsu.

Ni dai in kana da VPS, wato saba ta haya da kake juyawa da kanka, ko kuɗin sa, ɗauki PostgreSQL ka saka psycopg mai haɗa shi da Django ka huta. In hostin ɗin makarantar MySQL kawai ke gare shi, ka haɗa shi da Django ta mysqlclient, zai riƙe rajistar ɗalibai lafiya lau, sai dai ka riƙa ɗaukar kwafin rumbun kafin kowane migrate.

Kuma dan Allah tun yau ka bar SQLite a laftof ɗin nan. Ba ya hana rubutu wuce iyakar tsawon da ka sa a max_length, select_for_update mai kulle layin bayanai ma shiru yake yi bai kulle komai ba, wato gwajin biyan kuɗin makaranta zai wuce sumul a wurinka ya zo ya ba ka matsala a saba. Wanda ka zaɓa ɗin shi za ka saka a kwamfutarka, da siga iri ɗaya da ta hostin.